Kunne Ya Riga Ido: Karanta wa Yara Littafi da Wahalar Samun na Kirki

Duk wanda ya karanta littafi na ɗaya na Magana Jari Ce zai tuna yadda aka ƙulla shi. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri yana neman hanyar halaka yaron, shi kuma yaron ya ƙagu ya bi sahun mayaƙa. Kullum dare in ya yi ɗamara zai fita, sai aku ya ɗauko labari, kafin a kai ƙarshensa gari ya waye. Da baki kawai tsuntsun nan ya riƙe ɗan sarki har uban ya komo.

Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina aka aro shi zuwa Zariya a 1936, ya yi wata shida yana wannan aiki a Hukumar Talifi, ƙarƙashin Dokta Rupert East. Littafin ya fara fitowa a 1937. Don 'yan makaranta aka yi shi, amma da yawa daga cikin waɗanda suka san Sahoro da Sahorama, ko Kalala da Kalalatu, ba su taɓa mallakar kwafinsa ba. A bakin malamin aji suka ji, ko wajen wani yaya da ya dawo hutu daga makarantar kwana, ko a rediyo, zamanin da shirin Shafa Labari Shuni na Rediyon Kaduna ke tara mutane a gindin akwati guda. Kwafi ɗaya yakan ciyar da unguwa.

Yau littafin yana nan a kasuwa, waɗanda suka iya karatun boko kuma sun ninka na wancan zamani nesa ba kusa ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne babban da zai zauna ya buɗe littafi, ya ɗaga murya, yara su kewaye shi.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Wasu iyaye in aka ce a riƙa karanta wa yara littafi, sai su ɗauka wata al'ada ce ta Turawa, irin wadda ake gani a fim, uwa a bakin gado da fitila. Amma Bahaushe da kunne ya saba karɓar rubutu tun fil azal. A makarantar allo malam ke biyawa, almajiri ya maimaita, sai harshe ya faɗa kafin ido ya gane baƙi da wasali. A makarantar zaure ɗalibi na karanta matani, malam na fassarawa, goma na gefe suna sauraro. Da azumi mai jan baki na ja, mai tafsiri na warwarewa, dubban da ba su riƙe da komai a hannu suna ƙaruwa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka ɗauke da rubutattun waƙoƙi, suna rera wa matan 'Yan Taru har su haddace. Imfirajin Aliyu Namangi ma a bakin masu bara ya zaga ƙasar Hausa fiye da yadda ya zaga a takarda.

Sai kuma tatsuniya, makarantar farko ta kowane yaro. Bayan an ci tuwon dare, kaka ko goggo ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa. A nan yaro ke koyon cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, cewa in Gizo ya ƙulla makirci akwai inda za a kama shi, cewa in an ga 'yar bora ta sha wuya a jira a ga yadda 'yar mowa za ta ƙare. Ba wanda ya kira wannan darasi, amma shi ne ginshiƙin abin da malamai ke kira fahimtar labari.

Wannan zama ne ya watse. Aiki ya raba ma'aurata da gidan gandu, kaka tana ƙauye, jikoki suna gidan haya a birni. Talabijin ya fara cin lokacin, finafinai suka ƙara, waya ta zo ta share saura. Ba na cikin masu cewa kowane abu na da ya fi na yanzu, akwai katun ɗin da yaro ke ƙaruwa da shi. Sai dai katun ba ya tsayawa in yaro ya ce bai gane ba, ba ya kuma lura in tsoro ya kama shi.

Abin da masu bincike suka gano

A 1985 wani kwamitin masana a Amurka ya fitar da rahoto mai suna Becoming a Nation of Readers, inda ya ce a cikin duk abubuwan da ke shirya yaro ya iya karatu, babu kamar a karanta masa a bayyane. Kafin nan wani ɗan jarida, Jim Trelease, ya rubuta littafi sukutum a kan batun, wanda kamfanin Penguin ya buga a 1982, aka yi ta sake buga shi shekara da shekaru. A 1989 wasu likitocin yara a birnin Boston suka fara ba iyaye littafi a duk zuwan da suka yi awon yaro, a 2014 kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su fara karanta wa jariri tun daga haihuwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Karatu aiki biyu ne a haɗe: iya haɗa baƙi da wasali su ba da kalma, da kuma sanin abin da kalmar ke nufi. Na farko makaranta ke koyar da shi, kuma a Hausa bai da wuya sosai, tunda yawanci yadda ake faɗa haka ake rubutawa, ba kamar Ingilishi ba. Na biyun kuwa ta kunne yake shiga, shekaru kafin yaro ya riƙe fensir. Yaron da ya haɗa haruffa ya furta "madugu" alhali bai taɓa jin kalmar ba, ƙara kawai ya fitar. Wanda aka taɓa karanta masa labarin fatake, ya san ayari, ya san zango, ya san wanda ke gaba, da ya furta sai hoto ya faɗo masa.

Maganar yau da kullum a gida kuwa taƙaitacciya ce. Zo nan, wanke hannu, ina takalminka, bar taɓawa. Littafi ne ke kawo sulke da kwalkwali, da ƙasaita da tababa da nadama, da jimla mai tsawo wadda sai an riƙe farkonta a kai kafin a gane ƙarshenta. Kuma abin da yaro zai iya fahimta in an karanta masa ya zarce abin da zai iya karanta wa kansa, har ya kai wajen ƙaramar sakandare. Shi ya sa kuskure ne a daina karanta wa yaro ranar da ya fara iya haɗa baƙi. A lokacin ne ma ya fi bukata, don littafin da ƙarfinsa ya kai ya karanta bai wuce na "Bala ya ga akuya" ba, alhali hankalinsa ya isa ɗaukar labarin Iliya Ɗan Maiƙarfi.

Halin da ake ciki a makarantunmu ya sa maganar ta wuce ta sha'awa. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar da haɗin gwiwar UNICEF da UNESCO a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kashi 89. Gwajin da aka yi wa 'yan aji uku na firamare a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 ya nuna mafi yawansu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa, harshen da suke mafarki da shi. Wannan ne ya haifar da shirye-shirye irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, waɗanda suka ware wa malami lokacin karanta wa aji labari. Sun yi amfani. Amma shiri irin wannan yana da wa'adi, in kuɗin masu tallafi ya ƙare sai littattafan su tsufa a kabad ɗin hedimasta.

Minti ashirin a tsakar gida

Akwai wani gida da nake shiga a Zariya inda wata yarinya 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare ke karanta wa ƙannenta. Ba wani tsari aka yi ba. An ɗauke wuta wani dare, wayar gidan saura ɗan caji, sai ta kunna tocilan ta ɗauko tsohon Magana Jari Ce na babansu wanda bangonsa ya rabu. Daga nan abin ya zama jiki.

Daren da na tarar da su, labarin Kalala da Kalalatu ake yi, inda matar ta cinye kajin da aka dafa wa baƙo, sannan ta sa baƙon ya ɗauka wuƙar da mijinta ke wasawa dominsa ake wasa ta. Karatun nata ba mai santsi ba ne, takan yi tuntuɓe a doguwar kalma ta koma baya. Ba wanda ya damu.

"Yaya, tsaya! Duka ta cinye? Ba ta rage ko fiffike ba?"

"Duka."

"To me za ta ce wa mijin?"

"Kai me kake gani za ta ce?"

Ƙanin ya yi shiru, ya ce shi dai da cewa zai yi mage ce. Ƙaramar cikinsu, wadda ba ta wuce shekara huɗu ba, ta tambayi yadda ake wasa da wuƙa ba ta yanke mutum ba. Goggonsu da ke gefe tana ɓarar gyaɗa, wadda ba ta yi boko ba, ita ta raba gardama: "Ke, ba wasa irin naku ba. Ba ki ga mahauci na goga wuƙa a jikin 'yar'uwarta ba kafin ya yanka mana nama?" Da aka zo inda Kalala ya bi baƙo a guje da wuƙa a hannu, yana roƙon a bar masa ko guda ɗaya, shi kaza yake nufi, baƙo kuwa wani abu dabam ya fahimta, sai da aka dakata da karatu saboda dariya. Na tsakiyan ne ya fara ganewa, ya juya yana yi wa ƙanwarsa bayani.

Tambayar nan da yarinyar ta mayar wa ƙaninta, ita ce abin da wani masani Ba'amurke, Grover Whitehurst, ya gwada tun 1988, ya ga yaran da ake tsayawa ana tambayarsu a tsakiyar labari sun fi saurin ƙaruwa da kalmomi. Ita ba ta san da shi ba. Yadda ake hira kawai ta yi. Iyayen da ke mayar da zaman jarrabawa, a rufe littafi a ce to faɗi darasi uku da ka koya, su ne ke kashe abin tun bai yi ƙwari ba.

Ina littattafan?

A nan gizo ke saƙar. Shiga shagon littattafai a Sabon Garin Kano ko Zariya ka ce kana neman littafin Hausa na ɗan shekara huɗu. Za a miƙo maka na koyon abacada, ko na Turanci mai hoton tuffa da dusar ƙanƙara, ko ƙaramin littafin addu'o'i. Kowanne da amfaninsa, amma ba ɗaya daga ciki da yake labari. Tsakanin littafin koyon baƙi da littafin soyayya akwai fili fetal wanda marubutanmu ba su noma ba.

Abin da ke akwai mai kyau, yawancinsa tsoho ne. Ga ƙananan yara, har yanzu ban ga abin da ya kama ƙafar Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ba, littafi shida da aka fara bugawa a farkon shekarun 1970. Tatsuniya tana da maimaici da 'yar waƙa a tsakiya, kuma abin da ɗan shekara uku zuwa shida ke so ke nan, ya san abin da ke tafe ya riga ka faɗa. In ya ce a sake masa wadda aka yi jiya da shekaranjiya, a sake. Babba ne ke gajiya da maimaici.

Daga wajen shekara bakwai kunne ya isa ɗaukar labari mai tsawo da za a yanka a ci gaba gobe. Nan ne wurin Magana Jari Ce, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, labarin yaron da ya tashi ba ya iya tafiya ya zama barden da ba a karawa da shi, da dokinsa Kwalele. Asalin labarin na Rasha ne, kamar yadda Imam ma ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da wasu wurare, abin da masana irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi suka bi diddiginsa. Wannan bai rage musu komai ba. Sun ɗauko na wasu sun yi masa wankan Hausa har ba a gane baƙo ne, kuma da masu fassara wa yara a yau za su koyi haka da an huta. Yaron da ke son taurari da jirage kuwa, akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969. Ƙissoshin Annabawa da tarihin Sahabbai su ma wannan ne lokacinsu, in an samu wanda aka rubuta da Hausar labari, ba da Hausar fassarar kalma da kalma ba.

Littattafan gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 fa, a duba kafin a miƙa. Kasancewar littafi a manhajar makaranta bai sa ya dace da kowane yaro ba. Ruwan Bagaja abin dariya ne daga farko har ƙarshe, amma rabin dariyar ta damfara ce da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, sai yaron da ya isa ya bambance abin dariya da abin koyi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labarin sace yaro ne da bauta, da uwar da ta bi ɗanta har ƙetaren hamada ta ƙare a wahala. Ɗan shekara goma sha biyu zai ƙaru da shi ƙwarai in akwai babba kusa da zai yi masa bayanin zamanin, ɗan shekara shida kuwa sai dai ya kasa barci. Jiki Magayi, da ɗaukar fansarsa mai ƙarewa da jini, a bar wa 'yan babbar sakandare.

Littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano, waɗanda suka ɓarke tun tsakiyar shekarun 1980, an zage su iya zagi. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce su suka koya wa dubban 'yan mata da matan aure karatun Hausa, a lokacin da makaranta ta gaza. A cikinsu akwai masu nauyi, irin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, akwai kuma tarkace. Ba don yara aka rubuta su ba, marubutan ma ba su ce haka ba. Uwar da ta ga 'yarta ta fara ɗaukar su, ƙwacewa ba ta magani. Ta karanta ta ga me ke ciki, su yi maganarsa.

Ga mai waya, akwai rumbunan littattafan yara kyauta a intanet. African Storybook, wanda aka fara daga Afirka ta Kudu a 2014, da StoryWeaver na ƙasar Indiya, duka suna da littattafan Hausa masu hotuna, ana iya saukewa a karanta ba tare da data ba. Sai dai a tace. Wasu an rubuta su da kyau, wasu kuwa fassara ce da in ka karanta za ka ji Turanci na motsi a ƙarƙashinta.

Gwajin da bai taɓa ba ni kunya ba shi ne in karanta shafin farko a bayyane tun a shago. In harshena ya sarƙe, ko na ji jimlar ba irin wadda mutum zai faɗa wa ɗan'uwansa ba ce, na ajiye. Sai in duba ƙa'idar rubutu. Littafin da bai bambance ƙ da k ba, ko ɗ da d, yana koya wa mai koyo kuskure, don shi bai kai matsayin da zai cinka daga ma'ana ba. Sannan in duba ko labari ne ko wa'azi ne aka sa wa rigar labari. Da yawa daga cikin 'yan littattafan da ake yi wa yara yanzu, tun shafi na biyu ka san yaron kirki zai ci jarrabawa, marar ji zai karye a ƙafa. Yara na gane wannan da wuri, kuma ba sa neman a sake. Tatsuniya ma tana koyar da tarbiyya, amma sai ta bari ka so Gizo tukuna.

Wanda bai yi boko ba, da mai son Turanci

Uwar da ba ta iya karatun boko ba, ba a fitar da ita daga wannan sha'ani ba. Tana iya buɗe littafi mai hotuna ta ƙirƙiri labarin da bakinta, tana nunawa da yatsa. Tana iya sa babban ɗanta ya karanta, ita ta zauna a matsayin mai fashin baƙi, kamar goggon can ta Zariya. In ta iya ajami ko tana da waƙoƙin Islamiyya a ka, su ma karatu ne. Uba kuma, wanda yawanci ba a ganinsa a irin wannan zama, in ya ba da minti goma kafin ya fita majalisa, yaran maza musamman za su daina ɗaukar littafi a matsayin kayan mata da 'yan makaranta.

Akwai kuma iyayen da ke gudun littafin Hausa don kada ya ɓata wa yaro Turanci. Tsoron yana da dalili, da Turanci ake rubuta jarrabawa. Amma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, ya nuna ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Yaron da ya san yadda labari ke tafiya a harshensa, da wannan sanin yake shiga harshe na biyu. A karanta masa duka biyun in da hali.

Saura tambayar da ta rage a wuyan marubuta da masu buga littattafai. Littafin yara yana bukatar mai zane, da launi, da takarda mai kauri da za ta jure hannu mai maiƙo, duka kuwa kuɗi ne, ga tsadar takarda. Mai shago zai ce ba a tambaya, uwa ta ce ba ta gani a kanta ba. A tarihin adabinmu gasa ce ta sha warware irin wannan ƙulli: ta 1933 ta ba mu littattafai biyar da har yau ake karantawa, ta kamfanin buga littattafai na NNPC a ƙarshen shekarun 1970 ta fito da su So Aljannar Duniya, Hikayata ta BBC Hausa kuma tun 2016 take fito da mata marubuta. Waɗannan duka na manya ne da matasa. Jihohin da ke da hukumomin ilimin bai-ɗaya da kasafin sayen littattafai za su iya sa gasar labari mai shafi 16 don ɗan shekara biyar, da alkawarin sayen wanda ya ci a raba wa makarantu. Alƙalancin ma ba sai an tara farfesoshi kaɗai ba. A kai rubutun ajin rainon yara a karanta musu, a ga wanne za su ce a sake.